Ragon Dauda da Ɓawon Gahawa

"Ba zan dangwala ba," na ce masa. "Rufe tawadarka kafin ta ɓata maka riga."

Dauda ya ce wannan ne karo na uku da ya roƙe ni da lalama, kuma shi ba ya roƙo sau huɗu. Na ce madalla, ya huta, ni ma na huta. Yana tsugune a bakin ƙofar ɗakina, takarda a hannun dama, gwangwanin tawada a hagu, jijiyar wuyansa ta tashi kamar igiyar guga. Ƙanin mai gidana ne, Allah ya jiƙan mai gidana. Ranar da aka kawo ni gidan nan na Bagama na tarar da shi da ƙazuwa har gwiwa, ni na riƙa dirje shi da sabulun salo yana ihu. Yanzu ya yi furfura, ya zama shugaban ƙungiyar manoma, yana so in manta.

Takardar ta ƙorafi ce. Ran Alhamis babban jami'in gona zai zo daga Minna, za a miƙa masa ita a ce manoman Bagama da Chaza ba sa son Malama Esta, malamar gona, a ɗauke ta. Maza talatin da ɗaya sun dangwala, saura ni. Tun da mai gidana ya rasu sunana ne a littafin ƙungiya a madadin nasa, ni kaɗai ce mace a ciki. Ga shi kuma Esta a gidana take haya, ɗakin da ke kusa da rijiya. Dauda ya san in uwar ɗakinta ma ta sa yatsa, magana ta ƙare.

Na ce ya miƙo in gani. Ya miƙo yana murmushi, don ya manta na yi rani biyu a ajin yaƙi da jahilci. Karatuna tafiyar hawainiya ce, amma ina isa inda za ni. Na bi da yatsa har na kai wurin da aka ce Malama ta kawo wa talakawa ɓawon da ke ƙone shuka, yana haukata dabbobi har su riƙa fareti kamar soja.

Nan yatsana ya tsaya. Wannan faretin na san uwarsa. Ni na haife shi a injin niƙa.

Na mayar masa da takardar ban nuna komai ba. Ya ce, "Matar Yaya, ragona ya mutu, masarata ta ƙone. Da idonki kin gani."

"Na gani. Na kuma ga wanda ya kashe shi, ga shi nan tsugune ya tare mini haske."

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya ce da yatsana ko babu, takarda za ta shiga hannun jami'i ran Alhamis, kuma in tuna mata ba sa shiga ɗakin ƙungiya, don haka in ajiye bakina a gida in rufe shi da faifai. Na ce faifayena duk suna kan tukwane.

Bari in koma baya kaɗan.

Shekarar ita ce bayan an karɓe mana suna. Mun kwana muna Abuja, muka wayi gari aka ce mu Suleja ne, an kai sunan can daji inda za a gina sabon birni. Baƙi suka cika gari, kowa da sana'arsa. A cikinsu akwai Callistus, mutumin gabas, mai fara'a da ƙaton agogo. Ya kafa inji bayan tasha. Yana kawo busasshen gahawa a mota daga duwatsun Kabba, ya ɓare, ya kai ƙwayar Kaduna, saura ya sayar wa Turawa masu awon daji. Ɓawon kuwa sai ya zuba bayan inji. Tsibi ya yi tsibi har aka sa masa suna ƙanen Zuma, wato babban dutsen nan. In ruwa ya doke shi, warin yakan rako mutum har gida.

Ita kuma Esta 'yar kudancin Zariya ce, ta gama makarantar aikin gona, nan aka fara turo ta. Shekarar gwaji take ciki, wato in aka kai ƙararta ba canja mata gari za a yi ba, sallamarta za a yi. Siririya ce, tana da ɗan babur da ke tari kamar tsoho mai shan taba. Kowa ya wuce tsibin nan toshe hanci yake, ita sai ta tsaya ta cusa hannu ta shaƙa. Ta ce wa Callistus taki ne da abincin dabbobi yake zubarwa. Ya ce wanda zai kwashe masa shi kyauta ya kwashe, har da godiya a kai.

Sai ta kira manoma karatu, Talata uku a jere kafin ruwa ya sauka, ƙarƙashin mangwaron da ke bayan zanan gidana. Maza zalla, don haka muka tashi muka gani. Namiji ke zuwa taro, mace ke ba dabba abinci, kuma ba a taɓa yin namijin da zai dawo daga taro ya zauna ya biya wa matarsa karatu ba. Iyakarsa ya ce, an ce a riƙa ba su ɓawo, ya nemi ruwan wanka. Ni da sunana ke cikin littafi ma ba wanda ya aiko mini.

To zanan nan yana da 'yar ƙofa daidai idona in ina zaune kan turmi. Shekara takwas ina kula da ita, duk sanda aka sake zana sai na sake huda ta. Ta nan na san wanda ya saki matarsa kafin matar ta sani. Ba zan yi ƙarya ba, ba don noma na kafa kunne ba. So nake in ji wa zai yi wa Malama kinibibi, in sami abin kai wa rijiya. Amma kunne ba ya zaɓe, abin da ya shiga ya shiga.

Mazan kuwa wani abu dabam ya kawo su. A lokacin rediyo ba ta da zance sai kowa ya yi noma a ciyar da ƙasa, sai aka baza cewa in an gama karatun za a raba buhunan takin zamani. Don haka jikinsu yana gaban Malama, kunnuwansu suna kan titi.

Talatar farko ta yi maganar gona. A haƙa rami iya ƙugu. A zuba ɓawo, a zuba kashin dabbobi, a barbaɗa toka, a sake ɓawo, a rufe da ganye. Duk sati biyu a juya. A soka sanda a tsakiya, in an zaro ta da zafi bai nuna ba, kada ya kusanci shuka. Sai ranar da sanda ta fito da sanyi, wata uku ko fiye. Dauda ya ce musu a hankali, amma na ji, wai yarinyar da aka haifa jiya za ta koya masa juji.

Talata ta biyu ita ce ta dabbobi. Ta buɗe baki ke nan sai ga babbar mota ta tsaya a titi, buhuna a bayanta. Wani ya ce taki ya iso. Kafin ka ce kwabo an watse, Dauda a gaba yana riƙe da hula. Ashe siminti ne za a kai sabon birni, direba ya tsaya shan ruwa. Amma ba su dawo ba, suka tsaya gardama da ɗan kamasho kan ina aka karkatar da nasu. Aka bar Malama da tsofaffi uku, Baba Bitrus kuma barci yake, ƙuda na shiga bakinsa yana fita. Ta dubi tabarmi, ta yi karatunta daga farko har ƙarshe kamar wurin cike yake. Ba a ɗiba daga tsibin da ruwa ya doka. A tara buhu a bakin inji a karɓi busasshe. A jiƙa shi kwana ɗaya a zubar da ruwan, don abin da ke hana Bature barci a cikin ruwan yake fita. A shanya har ya yi ƙaras. Sannan mudu ɗaya na ɓawo, tara na dusa. Ta maimaita sau uku. Ba ta san da ni take ba.

Na gwada, don ni mace ce mai son ganin ƙwal. Na haƙa ramina bayan ɗakin girki, na ɗauki buhu na je wurin Callistus. Da Esta ta gan ni ina tsiyaye ruwan jiƙo ta tambaye ni wa ya koya mini, na ce zana. Ta yi dariya har ta dafa rijiya. Da damina ta yi nisa kuɓewata ta fi ni tsawo, akuyata Kyalla kuwa gashinta sai sheƙi, ta haifi biyu.

Shi kuwa Dauda ya bi sanin da ya gada. Kowane manomi ya san albarkar juji tana ƙasa, inda ya fi baƙi. Sai ya tura amalanke wurin ƙanen Zuma, ya tone gindinsa, ya kwaso mai baƙi yana tururi. Ya bi masararsa gindi-gindi ya zuba, yadda ake yi da takin Bature. Kwana huɗu ganye ya murɗe kamar an bi shi da wuta. Bai daddara ba. Yana da rago da yake kiwo don layya, sunansa Manjo, rago ne da mutane ke zuwa kallo. Ya cika masa ƙwarya da baƙin ɓawon nan, fumfuna fari a kansa, tun da kyauta ne. Rago ya sunsuna ya kau da kai. Ya fi mai shi hankali. Dauda ya yayyafa ruwan kanwa da gishiri har ya ci. Ya ci na safe, ya ci na yamma, ya ci washegari.

Ran kwana na biyu na shiga gidan Dauda aron rariya, ko da yake ina da biyu. Na tarar da Manjo yana rawar jiki, yana zaga turmi, ya tsaya, ya sake zagawa, ciki ya kumbura kamar ganga. Washegari aka sa masa wuƙa kafin ya yi mushe, naman ma ba wanda ya yarda ya ci. Dauda ya kwana uku ba ya amsa gaisuwa. Na tausaya masa, Allah ya sani. Amma da na je injin niƙa na ga mata sun yi layi ba abin yi, bakina ya yi ƙaiƙayi. Na ce Manjo ya sha gahawa ya tuna shi soja ne, ya yi fareti a tsakar gida, ya sara wa turmi. Har na ajiye ƙwaryata na nuna musu yadda ya yi. Aka yi dariya har mai inji ya kashe inji don ya ji.

Labari ya je Chaza, can aka ce raguna uku ne. Ya je Garam, can aka ce akuyar da ta ci ba ta ƙara haihuwa. Ya dawo Bagama da rawani, wai an turo Malama ne ta ƙarar da dabbobin talaka da gonarsa, don in an zo karɓar filaye a yi birni kada a sami mai gardama. A wannan shekarar kuwa ka ambaci fili, kowa sai ya tuna gonarsa. Masu zuwa ɗibar ɓawo suka ɗauke ƙafa. Esta ta wuce a babur a gaishe ta da ƙeya.

To ranar da Dauda ya fita da takardarsa, na leƙa ɗakin da ke kusa da rijiya. Na tarar ta sauko da akwatinta daga kan ƙusa tana ninke zannuwa. Ta ce ba ta jiran a kore ta a gaban mutane, gara kayanta su zama a ɗaure. Ta ce uwarta ta sayar da alade biyu ta kai ta makarantar nan, ba ta san da wane ido za ta koma ba. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka ma da ya fi mini sauƙi.

Na zauna bakin gado na faɗa mata gaskiya, cewa faretin nan nawa ne. Ta daina ninki.

"Mama Daso," ta ce, "bakinki ya fi babur ɗina gudu."

Na ce haka aka halicce shi.

"Ya kai fareti har Garam cikin sati ɗaya. Mudu ɗaya da tara kuma wata biyar ya kasa tsallake rijiyar nan."

Na tashi na fita. Ina bakin murhu ina tura itace sai na gane inda matsalar take. Karatu ba ya tafiya, don ba wanda aka hana shi. Gulma kuwa ƙafarta ɗaya ce, kada ki faɗa wa kowa.

Saura kwana huɗu. Washegari da hantsi na ɗauki dawa rabin ƙwarya wadda ba na bukatar niƙawa, na tafi inji. Na ja Dokas matar kafinta gefe, don wajen yaɗa labari ita ce ta ɗaya a garin nan in an cire ni. Na ce akwai wata magana, amma ta rantse ba za ta fita ba. Ta rantse. Na ce ashe abin da Malama ta faɗa wa maza ƙarƙashin mangwaro ba shi suka kawo mana gida ba, sun ɓoye rabi, don kada awakin mata su fi ragunansu. Idonta ya buɗe. Na rage murya na zuba mata duka: busasshe daga bakin inji, jiƙo kwana ɗaya, a zubar da ruwa, a shanya, ɗaya da tara. Na ƙara da rami da sanda. Na ce in tana shakka ta biyo ta bayan gidana ta ga Kyalla, amma kada a gan ta.

Na san ba ɓoyewa suka yi ba, ba su ji ba ne. Amma wa zai ɗauki labarin wanda bai ji ba ya kai wani gari?

Kafin azahar mata huɗu sun zo ta bayan gidana, kowacce tana cewa kada a gan ta. Ran Talata mata sha ɗaya suka zo, har da biyu daga Chaza da suka ajiye kayan itacensu a ƙofa. Kowacce sai ta soka sanda a ramina ta taɓa ta ji sanyi, ta shafa bayan Kyalla, ta biya mini ɗaya da tara don kada ta manta. Ran Laraba Callistus ya aiko yana tambaya me ya faru, mata sun yi layi a bakin injinsa da buhuna, kowacce ta rufe fuska da mayafi kamar mai sayen maganin asiri.

Ta ƙarshe da ta zo Hajo ce, matar Dauda. Mace ce da ba a jin muryarta, shekara talatin ban taɓa samun labari ko ɗaya daga bakinta ba, abin yana damuna. Ta tsaya kan ramin. Sannan ta ce ranar da ya kawo baƙin ɓawon ta faɗa masa yana warin ruɓa, ita da ke ba Manjo abinci tun yana ɗan wata biyu ba za ta ba shi wannan ba. Ya ce mata ita ta je taron ko shi? Ya karɓe ƙwaryar ya ba shi da hannunsa. Ta faɗi haka ta goge ido da gefen zane ta tafi.

Ran Alhamis na yi wanka, na ɗaura zanen da nake zuwa suna da shi. Na zaro sandar ramina, na karyo kuɓewa reshe guda, na kwance Kyalla. 'Ya'yanta suka biyo mu ba wanda ya gayyace su.

Ɗakin ƙungiya ɗaki ne na bulo mai ƙofar ƙarfe da tagogi biyu, nan ake ajiye garma da maganin feshi. Na tarar an cika. Jami'in yana zaune kan kujera ɗaya tilo, sunansa Oga Kunle, Bayarabe mai tabarau, Hausarsa ta Zariya ce don can ya yi karatu. Takardar tana kan gwiwarsa. Esta tana tsaye jikin bango ta harɗe hannu. Dauda yana tsakiyar bayani, ya kai wurin fareti, sai Kyalla ta sa kai ta yi kuka.

Ya juyo. Ya ce, "Matar Yaya, na faɗa miki mata ba sa shiga nan."

"Ga mace can jikin bango."

"Ita ƙararta ake yi."

"To ni ma a yi tawa, ni na ƙirƙiro faretin."

Oga Kunle ya cire tabarau ya tambayi ko ni wace ce. Na ce ya buɗe littafin ƙungiya, zai ga Daso a layi na sha bakwai, kuma ba a rubuta a gefe cewa ta tsaya waje ba. Ya buɗe, ya gani, ya ce a ba Mama wuri. Ba wanda ya motsa, sai na zauna kan buhun iri.

Na faɗa masa yadda Manjo ya zaga turmi don ciwon ciki, da yadda na yi masa ado a injin niƙa. Wasu suka yi dariya, suka tuna yatsunsu na kan takarda, suka haɗiye. Na miƙa masa sandar ya taɓa, na ɗora masa kuɓewa a cinya. Dauda ya ce shaidar tsohuwa mai leƙen zana ba shaida ba ce, kowa ya san ni. Na ce gaskiya ne kowa ya san ni, shi ya sa ba zan ce a yarda da ni ba. Na roƙi jami'i ya yi wa shugaba tambaya ɗaya, tun da shi ya je karatu ni ban je ba.

Oga Kunle ya ce, "Malam Dauda, mudu nawa na ɓawo Malama ta ce a zuba a dusa?"

Dauda ya gyara hula. Ya ce wannan ya danganta da girman dabba. Aka tambayi na kusa da shi, ya ce rabi da rabi. Na bayansa ya ce shi a ranar yana fama da kunne. Aka bi layi har aka zo kan Baba Bitrus, ya ce shi gaskiya bai san ma ƙara ake yi ba, ya ga takarda da tawada ya zaci jerin masu karɓar taki ne. Mutum shida suka ce su ma haka.

Sai aka ji daga taga, "Ɗaya da tara."

Kowa ya waiga. Tagogin biyu sun cika da kallabi. Ban kira su ba, na dai faɗa wa Dokas cewa kada kowa ya zo. Oga Kunle ya tashi ya je bakin taga ya tambaye su daga ina ake ɗiba. Suka ce bakin inji. Kwana nawa ake jiƙawa? Ɗaya. Ruwan fa? A zubar. Yaya ake gane takin rami ya nuna? Nan sauran suka yi shiru don wata murya ta riga su, siririya, ta ce sai sanda ta fito da sanyi. Hajo ce. Dauda bai waiga ba, amma na ga ƙeyarsa ta gane muryar.

Jami'in ya dawo ya zauna. Bai saki Esta haka nan ba. Ya ce mata laifinta ɗaya ne, ta kai karatun dabba wurin waɗanda ba sa riƙe ƙwaryar dusa, kuma da ta ga tabarmi ba kowa ya kamata ta bi abin har cikin gidaje. Ta ce ta karɓa. Ya ce za ta ci gaba da aikinta, daga Talata mai zuwa kuma karatu ya koma tsakar gida inda mata za su zauna, in Mama ta ba da wuri. Na ce na ba da, maza kuma wanda ke so ga ƙofar zana nan, zan ba shi aron turmi. Ya ninke takardar gida huɗu ya miƙa wa Dauda, ya ce ya ajiye, shi bai ga abin kai wa Minna a ciki ba.

Esta ta saki hannuwanta. Ba ta dube ni ba, amma na ga ta daina cizon leɓe.

Dauda ya karɓi takardar. Ya juya wajen taga ya ce wa Hajo ta wuce gida. Ta ce dama tafiya za ta yi, ta bar jiƙo tun jiya, lokacin zubar da ruwan ya yi. Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Sai ya dubi jami'i, ya dubi Esta, ya ƙare a kaina. Muryarsa ta sauka, ta koma irin ta yaron nan mai ƙazuwa. Ya ce, "To ni wa zai mayar mini da ragona?"

Wallahi a nan na so in yi shiru. Na dubi 'ya'yan Kyalla suna cin gefen buhun da nake zaune a kai, na kamo namijin na tura masa shi gabansa.

"Ga wannan, na ba ka. Bana ya yi ƙanƙanta, baɗi zai isa layya. Sharaɗi ɗaya, Hajo ce za ta riƙe ƙwarya. Kai iyakarka ka zo taro."

Ɗan bunsurun ya sunsuna takalminsa ya kama igiyar wandonsa yana ja. Dauda ya fizge. Ya jefar da gwangwanin tawada a ƙasa, ya ratsa mutane ba tare da ya yi wa jami'i sallama ba, ya fita, ya maka ƙofar ƙarfen nan har garmar da ke jingine a bango ta faɗi.